Kusurwoyin aikin ABS suna ɗagewa daga farantin firintar 3D: ina mafita?

Mai_Haɗa_Sola ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aiki da firintar 3D. Ina neman shawararku a kan matsalar banƙarewa, wadda ta hana ni kammala wani aiki da na karɓa. Ina buga akwatunan da za a saka allon lantarki a cikinsu, a kafa su kusa da batir da na'urar cajin sola, kuma kowane akwati yana da tsawon milimita 180, faɗin milimita 120 da tsayin milimita 60. Da farko da zaren PLA, ɗaya daga cikin nau'o'in robar da firintar ke narkarwa tana gina aiki da ita shimfiɗa-shimfiɗa, nake bugawa, aikin kuma yana fita daidai, sai dai bai jure zafi ba, domin murfin da ya wuni a cikin mota a rana ya yi laushi har ya lotsa. Wannan ne ya sa na koma ABS, wani nau'in zaren roba da ya fi jure zafi.

Tun da na koma ABS, shimfiɗun farko suna kwanciya lafiya, amma da zarar bangon akwatin ya fara tashi sai kusurwoyi huɗun su saki faranti su ɗaga sama, har gindin ya daina zama daram a kan tebur, murfi kuma ya ƙi shiga. Na'urata buɗaɗɗiya ce, ba ta da akwatin da ke rufe ta, farantinta na gilashi ne. Ina sa zafin nozul, wato bakin da narkakkiyar roba ke fitowa, a digiri 240 na ma'aunin Celsius, na faranti a 100, cikon ciki kashi 40 cikin ɗari, bango hawa huɗu, fankar sanyaya aiki kuma tana gudu gaba ɗaya kamar yadda na saba a PLA. Ina shafa gam na sanda kafin kowane bugu. Mafi yawan lokaci da dare nake aiki, a ɗakin da ke da fankar sama da taga, ga shi kuma muna cikin hunturu.

Shin gam mai ƙarfi zan nema, ko zafin faranti zan ƙara? Sannan waɗanda suka riga suka banƙare, akwai hanyar miƙar da su, ko sai dai a zubar? Na gode.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka kashe kuɗi a kan gam, ya kamata ka fahimci abin da ke jan kusurwoyin nan, domin gam ba ya rage ƙarfin jan, yana dai yin kokawa da shi ne kawai.

Roba tana buɗewa idan ta yi zafi, tana kuma tsukewa idan ta huce. Lokacin da zaren ya fito daga nozul a digiri 240 a narke yake, saboda haka tsukewar da yake yi a farko ba ta da illa, tunda abu mai laushi yana bin duk yanayin da ya samu kansa. Matsalar tana farawa ne daga inda robar ta sandare, wanda ga ABS yake wajen digiri 105, ga PETG, wani nau'in zaren, wajen 80, ga PLA kuma wajen 60. Daga wannan mataki zuwa zafin ɗaki, duk tsukewar da za ta yi tana yinta ne a matsayin abu mai tauri da ke manne da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. ABS yana tsukewa da kimanin milimita 0.09 a kowace mita ɗaya idan zafi ya ragu da digiri ɗaya. Idan ka lissafa wannan a kan tsawon milimita 180, daga digiri 100 zuwa 25, za ka samu kusan milimita 1.2. PLA kuwa, da yake tazarar da ke tsakanin inda yake sandarewa da zafin ɗaki gajera ce, abin da yake tsukewa bai kai rabin haka ba, shi ya sa ba ka ga matsalar ba sai da ka canja zare.

Yanzu ka dubi yadda akwatinka yake a lokacin bugu. Gindinsa yana zaune a kan faranti mai digiri 100, saboda haka bai tsuke ba, yana nan da cikakken tsawonsa. Shimfiɗun da ke sama da shi da santimita ɗaya ko biyu kuwa sun yi nisa da zafin faranti, iskar ɗaki tana bugunsu, kowacce tana ƙoƙarin gajarcewa tana jan ta ƙasanta zuwa tsakiya. Jan shimfiɗa ɗaya ba wani abu ba ne, amma yana taruwa, kuma idan ya taru ya fi ƙarfin mannewar gindi, sai aikin ya lanƙwashe ta inda ya fi rauni, kamar yadda taɓo ke nannaɗe gefensa sama idan samansa ya riga ƙasansa bushewa. Kusurwa ce ke fara saki saboda a nan ne jan dogon bango da na gajeren bango suke haɗuwa, kuma ita ce ta fi ko'ina shan iska.

Idan haka ne, maganin farko shi ne rage bambancin zafi tsakanin gindi da sama. Ka kashe fankar sanyaya aiki gaba ɗaya a shimfiɗun farko, bayan haka kada ta wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, sai dai inda akwai gada, wato layin da ke tsallake fili babu komai a ƙarƙashinsa, ko wani ɓangare da ya yi rataya a iska. Barin ta a kashi ɗari, a ganina, shi ne babban abin da ke cutar da aikinka. Ka kashe fankar sama, ka rufe taga, domin sanyin asubar hunturu da ke shigowa ta gefe ɗaya ya isa ya ɗaga kusurwar da ke fuskantarsa ko da sauran suna kwance.

Abu na biyu shi ne ka rufe na'urar. Ba lallai ba ne ka sayi akwati na musamman; na katako mai ƙofar roba mai gani-har-hanji ya wadatar, kuma don gwaji ko babban kwali yana nuna maka bambancin. Zafin faranti kaɗai yakan kai iskar cikin akwati digiri 40 zuwa 50, wanda ya isa ya rage jan sosai a aiki mai girman naka. Ka kunna faranti, ka rufe ƙofa, ka jira minti goma sha biyar kafin ka fara bugu, saboda ma'aunin zafi yana ƙarƙashin faranti ne, kuma lokacin da allo ya nuna 100, saman gilashin bai kai haka ba, gefunansa kuma sun fi tsakiyarsa sanyi. Bayan an gama bugu kada ka buɗe nan take. Ka bar aikin ya huce a hankali a ciki.

Mai_Gyaran_Firinta ya amsa:

Bayanin Malam Injiniya a kan dalili daidai ne, ba ni da abin da zan ƙara a kai. Inda na ɗan bambanta da shi shi ne, na sha ganin na'ura a cikin akwati mai ɗumi aikin kuma yana ɗagewa, saboda shimfiɗar farko ba ta kama faranti yadda ya kamata ba tun asali. Akwati yana rage jan ne, ba ya kawar da shi, don haka dole gindi ya sami riƙon da zai jure abin da ya rage.

Ka fara da wanke gilashin da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, ka bar shi ya bushe, kada kuma ka sake taɓa samansa da hannu, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana roba kamawa. Mutane da yawa suna goge faranti da sinadarin IPA, wato alkohol na goge-goge, kawai, alhali shi yakan baza maiƙon ne idan ya yi yawa. Idan kana ƙara sabon gam a kan tsoho ba tare da wankewa ba, to a ƙarshe aikinka yana manne ne da busasshen gam da ƙurar hunturu, ba da gilashi ba. Shafi ɗaya mara kauri a kan tsabtataccen faranti ya fi tulin gam amfani.

Sannan ka sake daidaita tazarar nozul da faranti bayan komai ya yi zafi, ba a sanyi ba, tunda ƙarfe ma yana buɗewa. Ka sa farar takarda a tsakaninsu a kusurwoyi huɗu da tsakiya, har sai ka ji takardar tana ɗan jan baya amma tana wucewa. Alamar shimfiɗar farko mai kyau ita ce layukan su baje su haɗu da juna ba tare da rami a tsakaninsu ba. Idan kana iya ganinsu a mulmule ɗaya-ɗaya, nozul ya yi nisa. Ka sa kaurin shimfiɗar farko milimita 0.25 ko 0.3, ka rage gudunta zuwa milimita 20 a daƙiƙa, kuma babu laifi ka ɗaga zafin faranti zuwa 105 ko 110.

A manhajar da ke yanka zane zuwa shimfiɗu, ko Cura ce ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer, akwai birim, wato leɓe mai kaurin shimfiɗa ɗaya da ake zagaye gindin aiki da shi don faɗaɗa wurin riƙo. Ga akwati irin naka ka ba shi faɗin milimita 8 zuwa 10, ka tabbata tazarar da ke tsakaninsa da aikin sifili ce ko kusa da haka, in ba haka ba zai tsaya a faranti aikin ya ɗage ya bar shi. Idan yanke leɓen gaba ɗaya yana cin lokacinka, ka yi amfani da kunnuwan ɓera, wato ƙananan faya-fayai da ake ɗorawa a kusurwoyi kawai. OrcaSlicer tana iya sa su da kanta, a sauran kuma kana iya zana su. Raf, wato tabarmar roba da ake bugawa a ƙarƙashin aiki duka, ban cika ba da shawararta ga akwati ba, domin tana cin zare kuma tana ɓata santsin gindi.

Game da gam mai ƙarfi, abin da masu ABS suka daɗe suna yi shi ne narkar da guntayen ABS a cikin asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi, har ya zama tsararo, a shafa shi a gilashi mai sanyi. Yana riƙo ƙwarai, har wani lokaci yakan ɓanɓaro gilashin idan aka yi gaggawar cire aiki da zafinsa. Farantin ƙarfe mai rufin PEI, wata roba da aiki ke mannewa a kanta, ya fi tsabta da sauƙin aiki, amma idan aikin babba ne yakan iya ɗago farantin kansa daga maganaɗisun da ke riƙe shi, sai an danne gefunansa da kilif.

Mai_Haɗa_Sola ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na wanke gilashi, na rufe na'urar da kwali, na kashe fanka, na sa birim na milimita 10. Gindin ya kwanta sosai, ɗagewar da ta rage kaɗan ce a kusurwar da ke kusa da bakin kwalin. Sai dai wani sabon abu ya bayyana: dogon bangon ya tsage a kwance wajen rabin tsayinsa. Haka kuma an ɗauke wuta ana tsakiyar wani bugun, kuma ko da yake na'urar ta ci gaba daga inda ta tsaya, aikin ya riga ya saki faranti.

Malama_Mai_Zane ta amsa:

Malam, tsagewar da ka gani ba sabuwar matsala ba ce, tsohuwar ce ta canja wuri. A da gindi ne ke saki. Yanzu da gindi ya riƙe, jan ya nemi wuri na gaba mafi rauni, wato mahaɗar shimfiɗa da shimfiɗa. Wannan yana nuna cewa cikin kwalin bai yi ɗumin da ake buƙata ba, ko kuma iska tana shiga ta bakinsa, kamar yadda kusurwar da ta rage take shaidawa. Ka toshe kafofin, ka ƙara zafin nozul da digiri 5 domin shimfiɗu su narke cikin juna sosai. Amma ka duba irin kan na'urarka tukuna: idan bututun PTFE, wato bututun robar da zare ke bi, ya sauka har bakin nozul, kada ka wuce 245 zuwa 250, saboda bututun yana lalacewa a irin wannan zafi.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne zanen akwatin. Dogon bango miƙaƙƙe mai kauri da kusurwa mai kaifi su ne siffar da ta fi kowace banƙarewa, kuma yawan robar da ka zuba shi ne yawan abin da zai tsuke. Cikon ciki kashi 40 da bango hawa huɗu sun yi wa akwatin lantarki yawa; kashi 15 zuwa 20 da bango hawa uku za su riƙe allo da sukurori ba tare da matsala ba, inda sukurori za su shiga kawai za ka ƙarfafa. Ka zagaye kusurwoyi huɗun a zane da lanƙwasa mai faɗin milimita 5 ko fiye, domin jan ya bazu a kan baka maimakon ya taru a tsini ɗaya. Tun da akwatin yana buƙatar kafofin shan iska saboda zafin allo, ka yanke su a tsaye a jikin dogon bango. Kowace kafa tana katse dogon layin da ke jan kusurwa zuwa gajeru. Idan hali ya yi, ka buga gindi da bangwaye daban-daban a kwance, ka haɗa su da sukurori, domin falle mara tsayi ba ya tara jan da akwati mai tsayin milimita 60 ke tarawa.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka, wato ko ABS ne ma ya dace da wannan aiki. Idan rana za ta riƙa dukan akwatin kai tsaye, ABS yakan dushe ya yi gautsi da daɗewa, kuma zaren ASA ne aka tanada don zaman waje, sai dai shi ma yana buƙatar akwati mai ɗumi kusan kamar ABS. Idan kuwa a inuwa za a kafa shi, PETG yana jure zafi har kusa da digiri 80, wanda ya fi PLA nesa ba kusa ba, kuma yana buguwa a buɗaɗɗiyar na'ura da zafin faranti 70 zuwa 85 ba tare da wannan wahala ba. Abin lura a kansa ɗaya ne: yana kama gilashi da PEI mai santsi fiye da kima, saboda haka a nan gam na sanda yana aikin raba su ne don kada faranti ya ɓanɓare. Da ni ce na karɓi aikin, da PETG zan fara gwadawa.

Kada kuma ka ci gaba da ƙara zafin faranti da tunanin yawansa alheri ne. Idan ya wuce kima, shimfiɗun ƙasa suna zama da laushi, nauyin sama ya danne su su bazu waje, abin da ake kira ƙafar giwa, sai murfi ya sake ƙin shiga ta wani dalilin daban.

Tsohon_Injiniya ya sake amsawa:

Na goyi bayan Malama a kan PETG idan inuwa ce. Bari in taɓa maganar wuta da ta gyaran waɗanda suka lalace.

Ci gaba bayan ɗauke wuta yana tuna wa na'ura inda nozul ya tsaya ne kawai, ba ya riƙe zafin faranti. ABS a kan gilashi kuwa yana sakin kansa da zarar gilashin ya huce, wanda shi ne ma yadda ake cire shi cikin sauƙi bayan an gama. Don haka bugun ABS mai ɗaukar sa'o'i yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, kuma tunda sola sana'arka ce, ka ɗora na'urar a kan inbata. Irin wannan na'ura tana jan wat 250 zuwa 300 lokacin da take ɗumama faranti, daga baya ta ragu sosai, kuma idan ka manna abin hana zafi fita a ƙarƙashin farantin, ka kuma rufe akwati, abin da za ta ci a batir zai ƙara raguwa.

Kwalin ya gama aikinsa na gwaji, ka maye gurbinsa da abin da ba ya kama wuta da sauri, kuma kada ka bar na'ura tana aiki a ƙarƙashinsa babu kowa a kusa. Idan ka gina akwatin dindindin, ka fitar da tukunyar wuta, wato abin da ke ba na'urar wuta, da allon sarrafa na'urar waje, ko ka ba su hanyar shan iskar waje, domin su ba sa son ɗumin da robar ke so. ABS da ASA suna fitar da tururin sitirin mai wari lokacin bugu, saboda haka ba a ɗakin kwana ake wannan aiki ba, kuma bayan an gama a buɗe taga. Ranar da ka koma PLA ka bar ƙofar akwatin a buɗe, in ba haka ba zaren zai yi laushi tun kafin ya isa nozul ya toshe hanya.

Waɗanda suka riga suka banƙare, gyaransu ya danganta da girman ɗagewar. Idan ba ta kai milimita ɗaya ba, ka manna samfefa a kan gilashi miƙaƙƙe ka goga gindin a kai har ya daidaita. Idan ta fi haka, ka hura wa kusurwar iska mai zafi daga ɗan nesa kana motsa hannu har ta fara laushi, ka danne ta a kan gilashi da abu mai nauyi, ka bar ta ta huce a haka. Tafasasshen ruwa yana yi wa PLA da PETG wannan aiki, amma ga ABS ƙarfinsa bai cika isa ba. Tsagewar bango kuma tana likuwa da ABS da aka narkar a asiton, a yi shi da kauri a cusa a ciki. Ka sani dai cewa akwatin da aka miƙar da zafi ba kasafai yake komawa ainihin awonsa ba, don haka ka gwada murfi a kan kowanne kafin ka saka allo, wanda kuma ya bar kafar da ƙura ko ruwan sama zai shiga ka ajiye shi don narkarwa a asiton.